Jinin Darakta a Kwanon Jere

Ku da aka turo ku koyon aiki wajena, na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya a bakin famfo. Wai aikin nan ai ba komai ba ne, ka yi wa akuya allura, ka jira, ka ɗebi jini, shi ke nan. Ban yi fushi ba. To, na ɗan yi. Amma da yake ni ma na taɓa furta irin wannan magana da bakina, gara ku zauna ku ji yadda ta kaya da ni. Ku aje wayoyin nan tukuna.

Ni Isiyaku, a Gumel aka haife ni, kuma na daɗe ina malamin dabbobi kafin in shigo wannan sana'a. Rigakafin shanu, dandaƙar bijimai, duba haƙoran raƙuma a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, babu wanda ban yi ba. Gani nake na gama sanin dabba ciki da waje. Sai wata rana aka turo min wata mata, Dakta Rabi, 'yar Gagarawa ce amma a jami'a take aiki can birni, kuma na girme ta nesa ba kusa ba. Ta ce tana neman wanda zai kula mata da awaki, ya yi musu allura, ya ɗebi jininsu. Na yi dariya na ce ai ko ido a rufe. Ta dube ni ta ce to, Malam Isiyaku, za mu gani.

A bayan ambulan ta zana min abin da take nema. Ta ce jikin mutum ɗakuna ne ƙanana da ido ba ya gani, kowane ɗaki kuma katangarsa ta maiƙo ce. Akwai wani sinadari a jiki da aikinsa yanka maiƙon nan, abin da ya yanko kuwa shi ke kiran kumburi da zafi da raɗaɗi. Sunansa na boko fosfolifes, amma harshena ya ƙi shi, sai na sa masa Almakashi, har yau haka muke kiransa a nan. Akwai irinsa a dafin maciji. Matsalar ita ce ba a ganinsa. In kana son sanin yana wuri, sai ka samo abin da zai bi sawunsa ya cafke shi, shi kaɗai, ya ƙyale dubban masu kama da shi. Wannan abin shi suke kira antibodi, ni kuwa mai bin sawu nake ce masa. Ba a maƙera ake yinsa ba. Ɗan gutsuren Almakashi ake sa wa dabba ta allura, jikinta ya ji baƙo ya shigo, ya haifi masu bin sawunsa a cikin jini, kai kuma ka zo ka ɗiba.

Na yi mata tambayar da kowa ke yi min har gobe, na ce yana warkarwa? Ta ce a'a, nunawa yake yi. Na ce nuna me? Sai ta ciro wata 'yar farar takarda daga jaka, ta sa min yatsa a kan wani ɗan baƙin layi da bai kai tsawon farcena ba. Ta ce in mai bin sawu ya kama Almakashi, layin nan ke fitowa. In bai kama ba, takarda ta zauna fara fat. Na ce to sai me? Ta ce sai a san inda yake da yawansa, wata rana wasu su zo su nemi hanyar dakushe shi. Wallahi a raina na ce boko ya taɓa yarinyar nan. Amma na karɓi aikin, don na gaji da harbin shanu.

Wata ukun farko ban taɓa akuya ba, kwalba nake wankewa. Ta kai ni ɗakin gwajinsu a birni ta miƙa min buroshi, ni da gemuna da 'ya'yana bakwai. Ka wanke, ka ɗauraye sau uku, ka kife, ka jira ta bushe ƙayau. In ta ɗaga kwalba a haske ta ga ɗigon ruwa ɗaya, kwandon gaba ɗaya take mayar min. Ranar da na ƙule na tambaye ta ko gidan abinci ta ɗauke ni aiki, sai ta zuba ruwa a cikin jini a gabana. Nan take ya tsinke ya koma kamar zoɓo. Ta ce jinin da ya haɗu da ruwa ya ɓaci, sai zubarwa. Ku riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa.

Karon farko da na kai mata jini daga ƙauye, na rubuta lambar kowace akuya da biro a takarda na manna a jikin kwalba. Kafin in isa birni ƙanƙara ta narke, takardun suka saɓule suna iyo a cikin kula. Kwalba shida, duk kama ɗaya. Na ce mata ai na san awakina, ta bari in sansana. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta sa na zubar da su da hannuna, aikin wata biyu cur. Tun daga ranar sau biyu nake rubuta lamba, a jikin kwalba da kan murfi, da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, shi ya sa kuka ga ina masifa a kan wannan.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai allura mai kauri ta jijiyar wuya. Akwai injin juyi, wanda ke wulwula jini har ja ya kwanta a ƙasa, ruwan ɗorawa ya taso sama, a cikin ruwan nan kuwa mai bin sawu yake. Namu na farko na hannu ne, ana juya shi kamar injin taliya. In ka sa kwalba a gefe ɗaya ba ka sa 'yar'uwarta mai nauyi ɗaya a ɗaya gefen ba, tashi yake ya kama tafiya a kan tebur. Ni ya taɓa sauka ƙasa ya nufi ƙofa, na bi shi da gudu har zaure.

Sai maganar sanyi, uwar wahala. Ruwan nan in ya ji zafi mutuwa yake, ga Gumel kuma kun san ranarta. Lokacin ba mu da firji namu, sai muka roƙi Hajiya Kulu mai sayar da ƙanƙara, wadda ke da sola, ta ba mu kusurwa ɗaya tsakanin zoɓo da kunun aya. Na yi mata bayani dalla-dalla, amma ban yi wa mijinta ba. Wata Juma'a Alhaji ya buɗe firji ya ga 'yan kwalabe masu ruwan ɗorawa a jere, ya ce lallai Hajiya ta fara ɓoye masa turare mai tsada. Ya narkar da ɗaya a tafin hannu, ya shafe gemu da hammata, ya tafi masallaci. Da ya dawo ya ce mata an cuce ta, turaren nan ko ƙamshi babu. Na sayo akwati da kwaɗo na kulle kwalaben a ciki, Alhaji kuwa ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata.

Masu zuwa neman kayanmu ma iri-iri ne. Akwai ɗaliban jami'a da ke bugo waya su ce a taimaka musu da ɗan ɗigo, kamar manja suke roƙo a maƙwabta. Akwai wani malamin jami'a da ya dawo mana da shi wai ba ya aiki, ashe a aljihun riga ya ɗauke shi tun daga Gumel har birni. Akwai mutanen gari da suka ji ana maganar kumburi, suna zuwa min da ƙafa, da haƙori, har wani mutumin tsallaken iyaka ya kawo min raƙuminsa mai kumburin gwiwa. Kowa sai in ce masa ba magani ba ne. Kowa sai ya ce ya gane, amma dai in ɗan ɗiga masa.

Garken namu a Ɗanzomo yake, a gidan Baba Iro, kawun Dakta. Ta zaɓi can ne don nesa da kasuwa da cututtukanta. Baba Iro dattijo ne mai tsoron Allah, mai kaifin wuƙa, shi ke yi wa rabin unguwa yanka. Gwiwoyinsa sun fi shekara ashirin suna ba shi wahala, a zaune yake salla. Amma da yake ciwon ba ya jini kuma ba ya kwantar da shi, abokan hirarsa na ƙofar masallaci suka mayar da shi abin tsokana. Wai ciwon Iro ba ya tashi sai an yi shuka, yana jin an ce noma sai gwiwa ta kumbura. Yana dariya tare da su, amma ni na san abin yana ci masa rai. Da Dakta ta nemi masu ciwon gaɓoɓi da za su yarda likita ya ɗebi ɗan ruwan gwiwarsu don bincike, shi ya fara miƙa tasa.

Awaki shida muka fara da su. A cikinsu akwai wata ja mai farin goshi, lamba huɗu, wadda mutanen gari suka sa wa suna Darakta. Dalili, ta fi kowa cin mai kyau, harawa da dusa da ruwan rijiya mai sanyi, ga inuwa, ga likita na zuwa duba ta, kuma ba wanda ya taɓa ganin aikin da take yi. Ba ta haihuwa don mun raba su da bunsuru, ba a tatsarta, ba a sayar da ita. Ga baƙin hali, in na zo da allura sai ta juya min baya ta yi fitsari. Amma ku ji ikon Allah, awaki shida, allura ɗaya, abinci ɗaya, jinin biyar ko dai ya kama kowa da kowa ko ya ƙi kama komai. Na Darakta ne kaɗai ya fara nuna alamar ya gane ɓarawon. Layin yana fitowa dishi-dishi, Dakta ta ce saura ƙiris, a ƙara mata allura.

Tun ranar farko na kafa wa Baba Iro doka biyu. Ta ɗaya, ko me ya faru ba a yanka akuyar nan sai na zo. Ta biyu, ba a cin namansu, saboda man da muke gauraya allurar da shi ba na cikin mutum ba ne. Ya ce ya ji. Daga baya na gane ta ɗayan ya ji da kunne ɗaya, ta biyun kuwa ya ɗauka wasa nake, don wa ya taɓa jin akuyar da ba a ci.

Sai mugunyar shekara ta zo. Da damina cutar nan ta majina da zawo ta ratsa yankin tun daga Sule Tankarkar, ta shigo garkenmu duk da nisan da muka yi, ta kwashe biyar a mako biyu. Darakta ko tari ba ta yi ba, tana tsaye tana tuƙa tana kallon ana fitar da 'yan'uwanta. A daidai lokacin kuma Dakta ta bugo ta ce gutsuren Almakashin da muke allura da shi ya ƙare, kwalba ɗaya ta rage, kuma waɗanda suka aiko mata da shi daga waje sun rufe wannan aikin. Wato allura ɗaya ta rage mana a duniya, da akuya ɗaya. In jinin ya yi, aikinta na shekara uku ya tsaya da ƙafarsa. In bai yi ba, ta tattara takardunta, ni kuma in koma bin gindin shanu. Na yi allurar ina ta addu'a, ni da na yi wa bijimai dubu. Aka sa ranar ɗibar jini, Juma'a ta sama, kwana goma sha ɗaya.

Ranar Alhamis, saura kwana ɗaya, ina Maigatari wajen sayen gishirin dabbobi, sai wayar Baba Iro ta shigo da hantsi. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ko an yi ruwa ta wajenmu. Sannan ya ce in na samu sarari in biyo in karɓi rabona, cinya ya ware min. Na ce cinyar me? Ya ce ai Darakta ce ta tsinke igiya da safe, ta faɗa buhun geron da aka shanya, ta ci har ta ƙoshi ta sha ruwa, yanzu cikinta ya zama ganga, tana kwance tana nishi. Ya wasa wuƙa, yana jira ne a kamo masa ƙafafu.

Na ce, "Baba, don girman Allah kada ka yanka. Ga ni nan."

Ya ce, "Ɗana, in ta mutu mushe a gidana ina kallo, da wuƙa a hannuna, me zan gaya wa Ubangiji?"

Na ce ya gaya masa Isiyaku ne ya hana. Ya ce zai jira iya abin da ita ta jira.

Na hau babur. Ban biya Gumel ɗaukar jakar aiki ba, don in na biya na san sai dai in tarar da fata. Ban san yadda na isa ba, na dai san gishirin a hanya ya faɗi. Na tarar da tsakar gida cike da mutane, an haƙa ɗan ramin da jini zai zuba, an kawo faranti, mata sun ɗora ruwa, har wani ya tafi neman yaji. Darakta tana kwance ta miƙe wuya, harshe ya fara canza launi. Na durƙusa na taɓa ta. Ni malamin dabbobi ne, ba zan yi muku ƙarya ba, ko da jakata tana hannuna ba na jin zan cece ta. Baba Iro ya yi gaskiya, tafiya take. Kuma in zuciyarta ta tsaya, jinin ya daskare a jijiya, ba mai fitar da shi.

Ba allura, ba kwalba. Hanya ɗaya ta rage jinin nan ya fito, ita ce wuƙar Baba. Na ce masa ya yanka, amma a ba ni mazubi mai tsabta, busasshe, wanda ruwa bai taɓa ba yau. Aka fara miƙo min ƙwarya, jiƙe take. Aka kawo roba, da sauran koko. Aka kawo tukunya, da maiƙo. Duk abin da ke gidan nan ko an ci a ciki ko an wanke yanzu. Sai idona ya faɗa ɗakin Inna Hansai, matar Baba, labule a ɗage, ga jerenta na kwanoni tun na aure, reras har rufi, waɗanda ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinsu ba. Kun san dai jere ba na ci ba ne, na kallo ne, kullum ana goge shi da tsumma mai tsabta a mayar. Ban yi sallama ba, Allah ya yafe min. Na kutsa ɗakin matar mutane na zaro na tsakiya mai murfi, mai zanen fure. Inna ta ɗora hannu a ka.

Baba ya fuskantar da ita alƙibla ya yi bisimilla. Na ce masa ya sa a danne maƙoshi don abin cikin tumbi kada ya biyo, ni kuma na tara kwanon. Na farkon da ya yi tsartuwa na tara, mai kyau, ya kusa rabin kwano, sannan na janye na rufe. Da na ɗago kai sai na ga duk idanu a kaina. Kowa ya ja da baya. Wata tsohuwa tana ta a'uziyya, wani ya janye 'ya'yansa ya tura su bayansa. A garin nan tun kaka da kakanni, jinin yanka rami ake yi masa a rufe da ƙasa, ba wanda ya taɓa ganin Musulmi mai gemu ya tare shi a kwanon abinci yana rungume da shi kamar an ba shi fura. Kunya ta kama ni ƙwarai, amma ban saki kwanon ba.

Ban gama da su ba kuma. Mai fiɗa ya matso da wuƙarsa, sai na ce a dakata, naman nan ba a ci. Aka ce me? Na ce doka ta biyu, Baba ya sani. Baba ya ce shi ya ɗauka raha nake. Na ce wallahi ba raha, wanda ya ci ba ruwana, kuma ba zan bari a ci ba. Aka kira liman. Liman ya saurari kowa, ya ce yanka dai ya halatta, amma in mai ilimin abin ya ce da cutarwa to a bari. Sannan ya dubi kwanon ya tambaye ni, a hankali, ko sha zan yi. Na ce a'a, bincike za a yi. Ya ce binciken zai warkar da wani? Na ce a'a, layi zai fito. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Allah ya ba ni lafiya.

Haka aka faɗaɗa ramin da aka haƙa don jini, aka saka akuya mai ƙiba sukutum, wadda ta shekara uku tana cin harawa, aka rufe. Mata suka sauke ruwan zafi. Wanda ya tafi neman yaji ya dawo ya tarar ana tattake ƙasa. Duk duniya jini ake binnewa a ci nama, ni na binne nama na tafi da jini.

Tafiyar ma ba nan take ba. Dole jini ya zauna ya daskare ya saki ruwansa, in ka girgiza shi ya fashe. Na zauna a gindin dalbejiya da kwano a gabana kusan awa guda, ina korar ƙuda, mutanen gari sun yi da'ira daga nesa suna kallo. Ba wanda ya kawo min ruwa. Daga nan na bar babur ɗina, na samu mai babur ɗin haya da ya yarda da ƙyar, na hau baya da kwano a cinya, na ce ya tafi kamar yana ɗauke da ƙwai. Kafin mu kai Gumel masu keke suna wuce mu. Na juya injin nan har kafaɗata ta mutu. Ruwan ya taso, ba garau ba, da ɗan ja-ja, amma ya taso. Na raba shi a ƙananan kwalabe, na rubuta lamba huɗu sau biyu a kowace, na kai akwatin Hajiya Kulu na datse kwaɗo. Sannan na bugo wa Dakta. Na kwashe labarin duka na gaya mata, sai ta ce kwanon busasshe ne? Na ce na jere ne. Ta ce to.

Sati uku ba labari. A sati ukun nan sunana ya zaga Ɗanzomo da kewaye. Na je ɗaukar babur ɗina, yara suka watse. A kasuwa wani mahauci ya tambaye ni ko ya riƙa tara min. Matata ta ji a gidan biki, ta dawo ta tambaye ni ko akwai abin da ya kamata ta sani.

Sai ga Dakta da kanta, ta ce in zo mu je wajen Kawu. Muka same shi a zaure ya miƙe ƙafafu. Tun ranar yankan bai yi min magana ba, Inna kuwa ta bar gurbin kwanon a jere yadda yake don kowa ya gani. Dakta ta durƙusa ta gaishe shi, ta ciro takardar gwajin ta miƙa masa. Layin ya fito baƙi ƙirin, shi kaɗai, ba dishi-dishi, ba 'yan rakiya. Ni da na gani sai da ƙwalla ta cika min ido. Baba ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce wannan ne? Don wannan aka binne akuya, aka ɓata wa Hansai jere, Isiyaku ya zubar da mutuncinsa? Da mun faɗa masa ai da ya zana mana da gawayi.

Dakta ta sa yatsa a gefen layin inda takarda take fara, ta ce nan ruwan gwiwar mai lafiya ne. Ta mayar da yatsa kan layin.

Ta ce, "Wannan kuma gwiwarka ce, Kawu."

Ya kai takardar kusa da ido. Ya tambaya ko zai warke, ta ce a'a, wannan ba magani ba ne. Ya gyaɗa kai kamar dama bai sa rai ba. Ya shafa gwiwar da hannu ɗaya, idonsa na kan layin.

Ya ce, "Wato akwai shi."

Ta ce, "Akwai shi, Kawu."

Ya ce ta bar masa takardar. Ta yi ta bayani cewa ba takardar asibiti ba ce, gwiwa ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, sai an gwada mutane da yawa. Ya ce shi bai tambaye ta mutane da yawa ba. Ya ninke ta biyu ya sa a aljihu, ya ce a miƙo masa sandarsa. La'asar ta kusa, muka bi shi a baya har ƙofar masallaci, inda abokan nan nasa suke zaune. Ya ciro takardar ya miƙa wa na farko. Ta bi hannu hannu, tsofaffi bakwai, ba wanda ya san abin da yake kallo a cikinsu, Baba yana nuna musu da sanda yana cewa nan mai lafiya ne, nan ni ne. Ba wanda ya yi dariya. Da na koma bayan mako biyu, na ga an aje masa ɗan benci a ƙarshen sahu, kuma ban sake jin maganar shuka ba.

Jinin Darakta shi muke ta amfani da shi har yau, ɗigo-ɗigo, ɗaliban da ba su taɓa ganin Ɗanzomo ba sun gama karatu da shi. Ni kuwa har gobe in na je garin aka ba ni ruwa, na leda ake ba ni. Baba Iro ya rasu shekaru kaɗan bayan nan, gwiwarsa ba ta warke ba. Da aka zo yi masa wanka aka sami takardar a aljihunsa, ta yi laushi don ninkewa. Bayan sadakar bakwai Inna Hansai ta aiko min da saƙo a ƙunshe cikin zane. Na buɗe, murfin kwanon ne, wanda na manta a gindin dalbejiya ranar nan na rufe da faranti. Ta ce a gaya min kwano ba ya zama ba murfi.

Ga kwanon can a saman kanta, mai zanen furen. Kai mai maganar bakin famfo, tashi ka sauko da shi, da hannu biyu. Ka wanke, ka ɗauraye sau uku, ka kife. In na ɗaga na ga ɗigon ruwa ɗaya, za ka sake.